Mijina Ya Zo Ganin Gari

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Yau ma ya tashi yana tambayata ƙarfe nawa ake ba da karin kumallo a otal ɗin nan. Na ce yanzun nan, yallaɓai. Na dama masa kunun gero, na dafa ƙwai. Ya shanye tas, ya goge baki, ya ce in gaya wa mai girkinsu kunun ya tsinke, na matarsa ya fi kauri. Shekara arba'in da ɗoriya ina dama wa mutumin nan kunu, bai taɓa yabon nawa ba sai yau, shi ma a gaban baƙuwa.

Tun da muka dawo gidan 'yarmu Yuning, a hawa na goma sha tara, can arewacin gari, ya yanke wa kansa cewa otal ne. Ban ga laifinsa ba. Bango fari, ga lifta, ga maƙwabta da ba sa gaisuwa. Ni kuma na zama Malama, mai yi wa baƙi jagora. Tsoho An, wanda aka haifa a cikin ganuwar Xi'an, ya tuƙa keken kaya mai ƙafa uku lungu-lungu har gwiwarsa ta gaza, shi ne yanzu ya zo ganin Xi'an. Ya ce mu yi sauri mu ga abin gani, matarsa na jiransa a gida.

Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya zama kamar tonon kaza. Hannun daman yana naɗe har yanzu.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Yuning ta bugo daga Shenzhen. Ba ta ko tambayi ko mun ci abinci ba.

"Mama, masu gidan kula da tsofaffin sun ce za su riƙe masa gadon har tsakiyar watan gobe. Na je na gani da idona kafin in taho, gidan da tsabta, abincinsu halal, akwai masu kula dare da rana."

Na ce ni ma ai mai kula ce.

"Da hannu ɗaya? Mama, mutumin da bai san ki ba, ta yaya za ki riƙe shi? Ko sai an sake..."

Na ce ta rufe min baki. Sai kuma na ji bakina ya riga ni, na ce mata in ya kira ni da sunan da yake kirana, ko sau ɗaya ne, kafin ta zo, to ba inda za shi. Sai ta ce:

"Na yarda. Ran sha shida zan zo. Amma kada ki yi min ƙarya, Mama."

Wai kada in yi mata ƙarya. Ni da na haife ta.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Mun fita. A ɗaki ba ya zama, daga wannan ƙofa sai waccan, yana neman jakarsa. Na ce tun da ganin gari ya zo, bari ya gani, wataƙila garin ya gan shi. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana gindin gidan, layi na biyu, miƙe sambal har tsakiyar gari.

Da can ramin ɓera yake kiran jirgin nan, ko kyauta ba ya shiga. Yau kuwa sai ga shi yana gyara hula a bakin matakala mai tafiya da kanta, yana murmushi kamar angon ƙauye. Na miƙa masa katinsa na tsofaffi, ya ture hannuna.

"Malama, wannan na 'yan gari ne. So kike a kama mu?"

Dole na tsaya a gaban inji na saya masa tikiti. A wajen duba kaya yarinyar da ke tsaro ta ga gorar shayinsa, ta ce, "Kaka, ɗan kurɓa mu gani." Ya buɗe, ya ɗaga mata gorar da hannu biyu kamar a wajen biki, ya kurɓa, ya ce mata mutanen garin nan akwai karamci. Yarinyar ta toshe baki tana dariya.

A cikin jirgi ne ya fara damuwa. Ya leƙa taga, baƙi ƙirin. Ya juya ta ɗaya, haka.

"Malama, ina yamma?"

Na nuna masa. Ya ce ban tabbata ba. Gaskiyarsa, ban tabbata ba. Mutumin nan ko a tsakiyar barci ka tashe shi zai nuna maka alƙibla, bai taɓa ce wa kowa bi dama ko bi hagu ba, sai dai yi gabas, karya arewa. A ƙarƙashin ƙasa kuwa ya zama kamar yaron da aka juya a wasan ɓuya. Ya riƙe ƙarfe gam har muka iso tashar Hasumiyar Ƙararrawa.

Mun yi ta zagaye a hanyar ƙasan nan mai kewaye, ni da nake jagora na ɓata har sau biyu. Da muka fito sarari bai ko ɗaga kai ba ya miƙa hannu ya ce can ne yamma. Daidai. Zuciyata ta yi tsalle, na tsaya ina jiran sauran. Sai ya kalli hasumiyar sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Ba laifi. Akwai irinta a garinmu. Tamu ta fi girma."

Juma'a, 25 ga Oktoba, da safe

Ruwa. Ba mu fita ba. Ya nemi jakarsa har azahar.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da magariba

Ƙofar Kudu. Tasha ɗaya ce gaba da hasumiya, Yongningmen. Mun hau ganuwa a hankali, gwiwarsa da gwiwata suna hira. A sama yara masoya na ta wucewa a kekunan haya, masu kujera biyu. Ya bi wani da kallo ya ce sarƙarsa ta yi sako-sako, ba zai kai kusurwa ba. Ba mu yi nisa ba muka tarar da yaron a tsugune, budurwarsa na tsaye ta haɗe rai. Tsoho An ya wuce su da hannu a baya, ko kallo, wai shi baƙo ne, ba ya shiga sabgar mutane.

Mun zauna na ɓare masa rumman da haƙori da hannun hagu. Ya lura.

"Malama, me ya sami hannunki?"

Na ce tukunya.

"A riƙa hankali da wuta. Matata ma haka take, gaggawa kamar ana korarta."

Na ce to. Rumman ɗin na Lintong ne, da zaƙi, na ci rabi.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Na gane lokacin da ya fi mana: bayan ma'aikata sun gama cunkoso, kafin 'yan makaranta su taso. Jirgi a sake, kullum wani zai tashi ya ba mu kujera. In an ba shi sai ya ce in zauna, shi namiji ne. Da can kuwa a bas sai ya zauna ya ɗora min kwando a cinya.

Abin da ke ba ni haushi ke nan: kirkinsa. Yana buɗe min hanya, yana cewa na gode, yana tambaya ko na gaji. Ni ba wannan mutumin na aura ba. Wanda na aura mai mita ne, mai tsokana, wanda tun ranar ɗaurin aure yake kirana baƙuwa don iyayena daga Henan suka zo aikin masaƙa, ba a cikin ganuwa aka binne cibiyata ba. Shekara arba'in ina baƙuwa, yau ni ce ke nuna masa gari. Da yana nan da mun yi dariya har mu riƙe ciki.

Na rubuta da yana nan. Ga shi can yana kallon taga.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Hasumiyar Dayan. Canji a Xiaozhai, layi na uku, tasha ɗaya. Xiaozhai kasuwar ƙafafu ce, na riƙe gefen rigarsa har muka wuce. Ya kalli ruwan da ke rawa a filin, ya ce ɓarnar ruwa. Ita ma hasumiyar, tasu ta fi tsawo.

Da yunwa ta kama mu na ga wani shagon halal mai sayar da paomo, romon rago da gurasa. Ban so shiga ba, ya riga ni. Aka kawo mana kwano biyu da gurasa mai tauri, kowa ya gutsuttsura tasa kafin a kai wa mai miya. Na zuba masa ido. Yatsunsa suka fara aiki shi kuma yana kallon titi: ya raba biyu, ya tsaga ta tsakiya, ya shiga tsinka da farce, ƙanana daidai ƙwayar wake, ba wadda ta fi wata. Matar da ke karɓar kwano ta ce, "Baba, kai ɗan cikin ganuwa ne, ba sai an faɗa ba." Ya ce a'a, yawon buɗe ido ya zo.

Nawa kwanon na yi fama da shi da hannu ɗaya, manya-manya kamar za a ba kaji. Ko da hannu biyu ma haka nake yi, ban taɓa iyawa ba. Tun muna saurayi da budurwa yake fizge kwanona yana cewa zan kunyata shi a gaban mai miya. Yau ya kalli kwanon, ya kalle ni, ya kau da kai don kada in ji kunya. Namiji mai mutunci ba ya sa hannu a kwanon matar wani.

Na ci da ƙyar. Gurasar ba ta jiƙu ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da la'asar

An canza min naɗi a asibiti. Ya zauna a waje yana gaya wa wani tsoho cewa jagorarsu ce ba lafiya.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Yuning: "Ya kira ki?" Na ce da saura. Ta ce kwana nawa zan yi ina jan dattijo cikin rami. Na ce rami ai ya fi gidan da ake kulle ƙofa ta waje. Ta yi kuka. Ni ma, bayan na ajiye.

Ba muguwa ba ce, tsoro ne. Ita ce maƙwabta suka bugo wa a ranar gobarar, tana can nesa ba abin da za ta iya, sai jin hayaniya ta waya.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da magariba

Sojojin yumɓu, gumakan tarihin nan da aka tono a gabashin gari. Hanya mai nisa, layi na ɗaya zuwa gabas, sannan na tara, sannan mota. A Beidajie ake canji. Duk lokacin da muka zo Beidajie ina sa shi a gabana, in juya shi gabas da sauri. Jirgin yamma yana ɗaya gefen dandamali, tasha ɗaya tak daga nan zuwa tsohuwar unguwarmu. Ba na kallon wannan gefen.

Mun wuce ta Fangzhicheng, unguwar masaƙarmu. Na ce masa a nan na yi aiki. Ya ce matarsa ma a masaƙa take, kunnenta ɗaya ya ɗan toshe saboda ƙarar inji, shi ya sa take magana kamar tana faɗa. Na ce Allah sarki. Ya ce amma tana da kirki, in an san ta.

Gidan da Yuning ta samo a nan kusa yake. Ban duba ta wace mafita ba.

Sojojin kuwa, ya daɗe a kansu fiye da komai. Ya ce su ma sun tsaya suna jiran a zo a ɗauke su. Na ce mu tafi kafin cunkoson yamma.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ba zan rubuta abin da ya faru yau a Beidajie ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Ba mu fita ba. Na kulle ƙofa na sa makulli a aljihun riga. Na dama kunu, ya ce ya tsinke.

Alhamis, bayan la'asar

Jiya ba Beidajie za mu sauka ba ma, Ƙofar Kudu za mu koma. Igiyar jakata ce ta maƙale, na sunkuya. Da na ɗago ƙofa na rufewa, shi yana waje, ni ina ciki, gilashi biyu a tsakaninmu. Ko waiwaye bai yi ba. Na buga gilashin da hannun da ke naɗe, ban ji zafi ba sai daga baya.

Tasha ɗaya gaba, in tsallaka, in dawo. Ban san jirgi na da nawa haka ba. Wata mata ta ce, "Goggo, zauna mana." Na kusa zaginta.

Ba ya inda ya sauka. Na bi matakala ina kiran sunansa na gaskiya, Deshou, wanda rabona da furta shi tun muna yara. Ma'aikacin tasha ya fara magana a rediyonsa. Sai na hango hular. Yana dandamalin layi na ɗaya, gefen yamma, a gaban allon tashoshi, jirage na zuwa suna wucewa bai shiga ba. Ya ɗora yatsa a kan suna ɗaya.

"Malama, kin ga abin mamaki. Sajinqiao. Sunan unguwarmu sak. Ashe su ma suna da ita."

Na ce suna da ita. Ya ce a sa a cikin wuraren da za mu gani. Na ce ba abin kallo a can.

Yuning ba za ta ji wannan ba. Ba ƙarya ba ce in ba a tambaye ka ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da safe

Ya tambayi Sajinqiao. Mutumin da ke manta ya karya kumallo, wannan bai manta ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da yamma

Sanyi ya sauka, ba a kunna ɗumin gida ba tukuna. Na sa masa rigar auduga. Ya ce otal ɗin nan rowa gare su.

Ya sake tambaya. Na ce ana gyaran tashar. Ya ce to, cikin ladabi, ya koma taga.

Abin da nake tsoro ba mutane ba ne, ko da yake su ma ina jin nauyinsu, rabin lungu sun fito da bokiti a ranar. Tsorona ya ga ƙofarmu da kwaɗo, ya ga baƙin hayaƙi a saman tagar kicin, ya tambaya. Ko kuma ya gani bai tambayi komai ba, ya ce tasu ta fi kyau. Ban san wanne ya fi ba.

Saura Asabar mai zuwa.

Talata, 12 ga Nuwamba, da azahar

Na kira Tie mai romo, abokinsa tun suna yara, shagonsa a bakin lungunmu. Ya ce, "Matar Yaya, kin ɓuya! Kawo min shi. In bai gane ni ba zai gane bashin da nake binsa na dara." Na ce kada ya matsa masa. Ya ce shi da yake matsa wa rago, mutum ne zai gagare shi.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da magariba

Zan rubuta a hankali, hannun hagun ya gaji.

Na saya masa tikiti. Yarinyar tsaro ta ce Kaka ya kurɓa, ya ɗaga mata gora. A Beidajie muka sauka, na riƙe hannun rigarsa, muka tsaya a gefen yamma. A cikin jirgi ya tambayi ina yamma, na ce inda muka dosa. Wannan karon na tabbata.

Da muka fito daga rami, hayaƙin gasasshen nama da ƙamshin wainar kaki, wani ɗan itace mai zaƙi, suka tare mu. Ya tsaya. Bai ce tasu ta fi ba. Ya sa hannu a baya ya kama tafiya kudu, ni jagora ina bin sa a baya. Ya kauce wa ramin da ke gaban shagon mai shayi ba tare da ya duba ƙasa ba. Mai dabino ta buɗe baki za ta gaishe shi, na girgiza mata kai.

Tie na bakin tukunya. Ya ɗaga ludayi ya ce, "Kai, tsohon ɓarawon dara, ka tuna hanya?" Tsoho An ya ce masa salamu alaikum kamar yadda ake yi wa baƙo, ya wuce kai tsaye teburin kusurwa, ya zauna a kujerar da ke kallon ƙofa. Kujerarsa. Tie ya juya mana baya yana goge ido da kafaɗa, wai tururi.

Kwano biyu, gurasa, tafarnuwa mai zaƙi. Ya fara tasa. Na fara tawa, na danne ta da gwiwar hannu ina yaga da hagu. Wani gutsure ya yi tsalle ya faɗi ƙasa.

Sai na ji an fizge kwanon.

"Kawo nan, uwar yarinya. Ke har ki mutu ba za ki iya ba. So kike Tie ya yi ta min dariya? Baƙuwa dai baƙuwa ce."

Ban motsa ba. Ban ko yi numfashin kirki ba, kada abin ya tashi. Ya bi manyan gutsattsarina ɗaya bayan ɗaya yana tsinkawa yana mita, wai wannan ko agwagwa sai ta shaƙe. Ya gama, ya ɗora tsinken cin abinci ɗaya a kan nasa kwanon, alamar ba ya son romo da yawa. Ya ɗaga murya ya ce, "Tie! Nata ruwa-kewaye-gari, romo ya cika kwano, kada ka sa mata yaji, cikinta ba ya so." Tie ya ce ya sani, shekara nawa.

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na ce a raina na ci, Yuning ta mayar musu da gadonsu.

Da zai miƙo min tafarnuwa idonsa ya sauka a kan naɗin. Ya kama wuyan hannun, ya juya shi a hankali. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga kai ya kalli bakin lungu ta ƙofar shago, daga nan ana hango saman tagarmu.

"Ni ne?"

Na ce tukunya ce.

"Uwar yarinya. Ni na ɗora ta na fita, ko?"

Na ce ya ci abinci kada ya huce. Bai saki hannun ba.

"Na ji ku a waya, ke da yarinyar. Wani lokaci ina ji, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ki bar ta ta kai ni."

Na ce ba ya cikin hankalinsa. Ya yi 'yar dariya ya ce yau kam yana ciki, shi ya sa yake faɗa da wuri. Ya ce hannu biyu gare ni, ya ci ɗaya, ba zai jira na biyun ba. Na ce masa tsohon banza, mai taurin kai, wa ya tambaye shi. Ya ce in rage murya, ba a masaƙa nake ba.

Aka kawo romo. Muka ci daga gefen kwano, ba a juyawa, kamar yadda ya koya min. Gurasar ta jiƙu har ciki. Ya tambayi Yuning, ko tana cin abinci a can, ko har yanzu tana da wannan tarin na sanyi. Ya yi wa Tie gorin cewa gishirinsa ya ƙaru da tsufa. Muka yi hira har kwano ya ƙare.

A matakalar tasha, muna sauka, haske na raguwa a bayanmu, ya gyara hula ya ce, "Malama, wannan wurin ya fi ko'ina. Kin iya zaɓe."

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da safe

Kunu ya tsinke.

Alhamis, da la'asar

Na ci caca, kuma ba wanda ya san sauran maganar sai ni, don Tie yana bakin tukunya. In na ce wa Yuning ya kira ni, gaskiya na faɗa. In tsaya a nan.

Na wanke rigunansa. Ban san me ya sa na wanke duka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da yamma

Ta zo, ta rame. Ya gaishe ta da kyau, ya tambaye ta ko ita ma a otal ɗin ta sauka. Ta shiga kicin ta daɗe.

Da ta fito ta ce, "Mama, ya kira ki?"

Na ce ya kira ni. Uwar yarinya, har sau biyu, a gaban Tie. Ta sunkuyar da kai ta ce to, alkawari alkawari ne, za ta buga musu waya.

Na ce ta ajiye wayar, akwai sauran magana. Na gaya mata duka, har da Beidajie. Shekara arba'in mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba sai ƙarin shayi. Rana ɗaya da ya dawo, abu ɗaya ya roƙa.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da magariba

Yuning ta so ɗaukar tasi, na ce a jirgi za mu, ya saba. Ya ɗaga wa yarinyar tsaro gora. Ta ce, "Kaka, yau har da akwati?" Ya ce otal za su canza masa, wancan kununsu ruwa ne.

Ɗakin yana ƙasa, tagarsa na kallon yamma, shi ya faɗa tun kafin ya zauna. Akwai bishiyar kaki a tsakar gida. Ya danna katifa ya ce ba laifi. Na jera masa riguna, na nuna wa mai kula yadda yake son shayinsa, na maimaita har ta fara kallon Yuning.

Hanyar ba wuya. Layi na biyu, canji a Beidajie, layi na ɗaya zuwa gabas. In na fara yin tasha ɗaya yamma, Tie zai zuba min romo a gora, in ɗauki gurasa biyu ba a gutsura ba. Na ce masa gobe da hantsi zan zo. Ya ce ina za mu, na ce akwai sauran wurare. Ya ce madalla.

Na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Malama. In kin ga matata, ki ce mata kada ta taɓa tukunya sai hannun ya warke. Ba ta jin magana, amma ki faɗa mata."

Na ce zan faɗa mata.